'Ya'yan Riƙon Baba

Baba ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar kaka, gero ya shiga rumbu, dawa da wake kuwa suna gona. Aka sallace shi bayan azahar. Kafin la'asar ƙofar gidanmu, nan Daura bayan rijiyar Kusugu, ta cika da masu ta'aziyya. Ni ce babbar 'yarsa, malamar firamare, kuma ni na tsaya a zaure ina miƙa wa ƙannena ruwa da butoci suna fitarwa, don haka duk abin da ya gudana a waje a idona aka yi shi.

Makoki ɗaya ne, amma tabarmi kashi biyu aka shimfiɗa. A dama 'yan sintiri na ƙauyukan manoma ne da shugabansu, wanda kawuna ne, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya. A hagu makiyaya ne na rugagen hanyar Dutsi da Ardonsu. Babu wanda ya tsara haka. A tsakani an bar fili wanda amalanke zai wuce bai taka kowa ba. Kowa da oba-oba rataye a ƙugu, waɗannan ƙananan rediyoyin da ake danna maɓalli a yi magana, kuma duk Baba ne ya saita su da hannunsa. Ranar duk a kashe suke.

Mutum biyu ne kawai suka zauna a filin tsakiya, su ma don ba su san inda za su dosa ba. Ɗaya direban motar asibiti ne, yana ta maimaita wa duk wanda ya gaishe shi, "Yanzu wa zai kira ni?" Ɗayan kuma ɗan Ibo ne mai shagon kayan lantarki, wanda Baba ke sayen batir da kebul a wurinsa. Shi kuka yake a fili kamar ƙaramin yaro, dattawa suna cewa ya yi haƙuri, ba a yi wa mamaci haka. Ya share ido ya ce, "Malam bai taɓa tona ni gaban mutane ba. In na ba shi kaya mara kyau, sai ya ja ni gefe ya ce, wannan an cuce ka, ka canza wurin sari."

Ardo ya ce, "Mun yi rashi," ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. A cikin gida wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce wa Inna, "Allah ya jiƙan Malam. Ko ba komai kunnenki zai huta da ƙarar nan." Na so in ba ta amsa, Inna ta harare ni, na haɗiye.

Kawu shi ya shiga kabari ya karɓi gawar, shi ya jera itace, ya fito jikinsa duk ƙasa. Amma tun kakar bara bai ƙara cin abinci a gidanmu ba. Da rana ta yi sanyi ya shigo zaure ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba, ya ce, "Bayan sadakar uku zan zo in ɗauki oba-obarmu da ke ɗakinsa."

Na san abin da hakan ke nufi, shi ma ya sani. In ya zare oba-obar nan, manoma da makiyaya ba za su ƙara jin juna ba, ga shi shanu sun fara saukowa daga arewa, amfanin gona bai gama shiga gida ba. A irin wannan lokacin saniya ɗaya ta shiga gonar wake ta isa a kwana ana jana'iza.

Bari in koma baya saboda wanda bai san ɗakin nan ba. Baba ya yi aikin gyaran na'urorin sadarwa na gwamnati har ya yi ritaya. Da satar shanu da rikicin ɓarna suka yi yawa, kowa ya nemi oba-oba, domin a daji salula sai ta ga dama take aiki. 'Yan sintiri suka samu manya, baƙaƙe, masu nauyi. Makiyaya suka sayo ƙanana masu araha ta wajen Kongolam, bakin iyaka. Motar asibiti tana da tata a liƙe gaban direba. Sai dai kowane kashi mitarsa daban, kamar tashoshin rediyo. Mutum biyu za su tsaya suna hangen juna, kowa yana ihu a tasa, ba mai jin wani. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo akwatin da ke haɗa su. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka watse. Akwatin ya dawo ɗakin Baba na zaure saboda shi kaɗai ya yarda zai zauna da shi safe da yamma.

Akwatin nan ba ya magana da kansa. Dole kowane ɓangare ya ba da oba-oba guda ta zauna a ɗakin, a jona ta da kebul. Abin da ɗaya ta ji, akwati ya miƙa wa sauran su faɗa wa mutanensu. Baba bai tsaya yi musu dogon bayani ba. Ya ce, "Kowa ya kawo mini ɗa guda riƙo. Ni zan ciyar da shi wuta, in kula da tarbiyyarsa." Tun daga ranar sunansu ya zama 'ya'yan riƙo. Ardo ya fara aiko da wata mai tsagaggen baki da aka ɗaure da roba. Baba ya mayar masa, ya ce a gaya wa Ardo ba a ba da mara lafiya riƙo, ya aiko wadda ya fi so. Ardo ya yi dariya ya zare tasa ta ƙugu ya bayar.

Da idonsa ya fara rauni, ni na zama idonsa. In na taso makaranta sai in biya, in zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa, shi yana faɗa ina bugawa. Ba ya kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai "Malama". Kuma ba ya yabo. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci, ni kuwa haƙuri bai ishe ni ba. Za a jona oba-oba da kwamfuta a karanta abin da ke cikinta. A sa mata mita daidai da ta 'yan uwanta. A sa mata makulli, wata 'yar ƙara ce da kunne ba ya ji, in ba ta zo ɗaya ba oba-oba ba za ta buɗe baki ba ko mita ta yi daidai. Sannan a rage wa 'ya'yan riƙo ƙarfi, a raba eriyoyinsu, ɗaya a kan soro, ɗaya a kan darbejiya, ɗaya can bayan gida, don in suka matsu da juna sai su kurmantar da juna. Daga nan a daidaita ƙarar murya, kada ta yi ƙasa a rasa ji, kada ta yi sama ta fashe. In ya samu daidai sai ya ɗiga alama a maɓallin da jan farcena. Kwalba nawa ya ƙarar mini, Allah kaɗai ya sani.

Kuma bai taɓa cewa an gama ba alhali mai oba-oba yana tsaye a ɗakin. Sai ya ce, "Hau babur ka tafi inda kake jin tsoro, ka kira ni daga can." In murya ta zo tas daga bakin fadama ko bayan dutse, to an gama.

Kowace oba-oba tasha biyu ya sa mata. Ta farko ya kira ta cikin gida, wannan taku ce ku kaɗai. Ta biyu ya kira ta zaure, ita ce ke bi ta akwati kowa ya ji. Kullum yana nanata musu, "Abin da ba za ka faɗa a zauren mutane ba, kada ka faɗe shi a tasha ta biyu." Yana kuma koya musu su danna, su ja numfashi, su yi sallama, sannan su faɗi abin da ya kawo su, saboda akwati yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe.

Rigimarsa ta farko da manya a kan yanke magana ce. Ya saita kowace oba-oba yadda in mutum ya daɗe yana danne da maɓalli za ta yi ƙara ta yanke shi. To ka san dattawanmu. Ardo zai fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya shanu, ya iyali, kafin ya iso kan magana an yanke shi. Kawu zai fara ba da umarni kamar mai huɗuba, a yanke shi a tsakiya. Suka haɗu, karo na farko da na ga bakinsu ya zo ɗaya, suka zo wai a cire wa manya wannan abin, rashin kunya ne na'ura ta katse babba.

Baba ya bar su suka gama. Sannan ya dubi Kawu, wanda yake tsokana da sunan Kwamanda tun yana saurayi, ya ce, "Kwamanda, in ka hau babur ka zauna a kan maɓallin nan ba ka sani ba fa? Duk ƙasar nan daga nan har iyaka ba mai iya magana, sai dai a yi ta sauraron ƙarar injinka. Mace na naƙuda a ruga, ana jiran ka sauka."

Kawu ya ce, "Ni ba na zama a kan abu ban sani ba."

Baba ya ce, "Ai shi ya sa ake cewa ba ka sani ba."

Ardo ya fashe da dariya, Kawu ya sha kunu, amma ba a cire ba. Har tasa ta hannu Baba bai cire wa ba. Na sha ji ta yanke shi yana tsakar faɗa, ya tsaya yana hararar ta.

Inna kuwa ba ta taɓa son akwatin nan ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ya mai da mata gida tasha. Tuwo ya huce a gabansa yana cewa "ina ji, ina ji" ga mutanen da ba ta gani. Biki ba ya zuwa, suna ba ya daɗewa. Ko shara ba ta yi a ɗakin, ni take turawa. Wata rana ta ce masa, "Naka 'ya'yan ma ba ka yi musu wannan hidimar ba." Bai musa ba. Ni ma a raina na ce gaskiya ta faɗa, don ban tuna ranar da ya zauna ya saurare ni kamar yadda yake sauraron akwatin nan ba. Na yi kishin ƙarfe da roba, ba na jin kunyar faɗa.

Babbar rigima a kakar bara ta zo. Wata la'asar 'yan sintiri suka fita bin sawun shanun da aka sace. Suna tafe suna gaya wa juna ta inda za su bi, ashe ɗayansu ya bar maɓallinsa a tashar zaure. Baba ya ji, ya yi ta kiran su su koma cikin gida, ƙarar babura ta hana su ji. A wata kwana cikin daji aka tare su. Ɗan Kawu na biyu, magidanci mai 'ya'ya, aka sare shi a hannun dama, sauran suka tarwatse. Matan wata ruga da suka dawo tallar nono ne suka same shi kwance cikin jini. Suka ruga suka gaya wa Ardo, Ardo ya kira a tashar zaure, direban asibiti ya ji, ya je ya ɗauko shi da sauran numfashi. Ya rayu, amma hannun bai ƙara aiki ba.

Kawu ya zo washegari idonsa jajir. Ina ɗakin. Ko sallama bai yi ba, ya nuna kebul ɗin da ya shiga oba-obar makiyaya, ya ce, "Zare shi."

Baba ya ce, "Zauna, Kwamanda."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Ta wannan igiyar aka ji inda muke. Ka rantse ba ta nan aka ji ba!"

Na zaci Baba zai rantse, ko ya kawo bayani. Sai ya ce, "Ba zan rantse ba. Ban san wa ke riƙe da kowace oba-oba a daji ba. Mai yiwuwa ta nan aka ji."

"To me kake jira?"

"In na zare, ɓarawo zai sayi tasa gobe ya nemo mitarku, ba wuya. Wanda zai daina jin ku shi ne mutumin kirki. Shi ba zai nema ba."

Kawu ya miƙa hannu zai fizge kebul ɗin. Baba, tsoho da rawar hannu, ya ɗora tafinsa a kai. Suka tsaya haka, hannu kan hannu, ni kuwa na san zuciyar Kawu. Baba ya ce a hankali, "Wannan ɗan Ardo ne, amana ce, ba za ka taɓa shi ba. Naka ga shi can. In za ka ɗauka, ɗauki naka." Kawu ya dubi tasu oba-obar, ya dubi Baba, ya juya ya fita. Bai ɗauka ba. Ina jin nauyin mijin yayarsa ne ya hana shi, ba don ya gamsu ba.

Da ya fita na ce, "Baba, me ya hana ka gaya masa ta wannan igiyar aka ceci ɗansa?"

Ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi ba. "Kul, Malama! Kada ki kuskura. Ya sani. Shi ya sa yake jin zafi." Na fita raina a ɓace, don ni a ganina magana ce a fili. Sai daga baya na gane cewa ba a yi wa uba gori da ran ɗansa.

Kawu ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, amma Baba bai ɗauke tasa daga asibiti ba. Kullum da safe yana can, ya zauna a bakin gado, Kawu na gefe ba ya ko kallonsa. Da aka sallami majinyacin, Baba ya ga yadda yake fama, hannu ɗaya ba ya riƙe sanda ya riƙe oba-oba. Ya je shagon ɗan Ibo ya tono wani maɓalli mai faɗi, ya ja masa waya, ya ɗinka shi a wuyan riga yadda mutum zai danna da haɓa. Ya ba ni na kai, ya ce kada in ce daga wurinsa ne. Kamar akwai wani a Daura da zai yi wannan aikin in ba shi ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. A makon ƙarshe ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin akwati, ya juya fuska bango, ya ce in goge oba-obarsa ta hannu in sake saita ta daga farko, ba zai ce mini komai ba. Na yi, ya ce in sake. Na sake, ya ce na manta makulli. Na ce masa ni fa ba almajirarsa ba ce, ina da aji da miji da ke jirana. Ya ce, "Sake." Da na yi daidai bai ce madalla ba, sai ya ce in miƙo masa ruwa.

Ranar sadakar uku aka yi addu'a da safe, aka raba waina, mutane suka fara watsewa. Ardo bai tafi ba, yana zaune a waje da mutanensa, don labari ya kai masa. Ya aiko a gaya mini, in 'yan sintiri suka ɗauki tasu, su ma za su ɗauki tasu, ba za su bar kunnensu a gidan da ba mai amsa musu ba. Kuma a al'ada gaskiyarsu ce duka. Mariƙi ya mutu, 'ya'ya sai su koma gidan iyayensu.

Kawu ya shigo zaure ya ce in buɗe ɗakin. Ni 'ya ce a wurinsa, ba ni da bakin hana shi. Na buɗe. Ya durƙusa gaban akwatin yana neman bakin kebul, sai muka ji muryar Inna daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Tun ranar rasuwar ban ji ta ɗaga murya ba.

"Wa ke taɓa kayan Malam?"

Kawu ya ce, "Ni ne, Yaya. Tamu zan ɗauka, ba ta gado ba ce."

"Na san ba ta gado ba ce. Amma shi ya jona ta da hannunsa. Ina cikin takabarsa, ko tsinke ba zai fita daga ɗakin nan ba sai na fita."

"Yaya, ke da ba kya ko shiga ɗakin nan?"

"Yau zan shiga. A nan zan yi takabar. Ɗaga mini in shimfiɗa tabarma."

Ta ɗaga labule ta shigo da tabarmarta da carbi, ta shimfiɗa a gaban akwatin, ta zauna. Kawu ya tsaya kamar an dasa shi. Wa zai yi jayayya da yayarsa, mijinta bai yi mako a ƙasa ba? Ya fita. Ardo da ya ji, ya tashi da mutanensa suka tafi, suka bar tasu.

Na yi murna da wuri. Kawu bai ɗauki oba-obar ba, amma ya tattara na mutanensa duka ya aika da su Kano aka sauya musu mita da makulli. Tasu da ke ɗakinmu ta zama kurma. Fitilarta tana ci, batir cike, amma ba ta jin kowa, ba mai jin ta. Inna tana zaune tana jan carbi tana kallon ta. Ni kuwa kullum in na ga ƙurar garke a hanyar makaranta sai in tsaya ina duba inda ta dosa.

Wata Asabar da hantsi abin da muke tsoro ya zo. Ina ɗakin ina goge ƙura, sai muryar Ardo ta fito, ya yi sallama a gaggauce, babu gaisuwa. Shanun wasu baƙi da suka sauka kusa da su sun tsinke sun shiga gonar dawa. Mutanensa sun kore su, sun tsare su, a shirye suke a zo a ga ɓarna a yi musu hukunci. Amma samarin ƙauyen mai gonar sun fara taruwa da sanduna. "Kwamanda, kana ji na? Kwamanda!" Ya kira, ya sake kira. Shiru. A bayansa ana jin kukan shanu da ihun mata.

Inna, wadda ba ta taɓa taɓa maɓalli ba, ta ɗauki oba-obar Baba ta hannu, ta danna, ta ja numfashi kamar yadda ta sha ji yana koya wa mutane, ta ce, "Salamu alaikum, Ardo. Matar marigayi ce. Ana jin ka. Kada mutanenka su ɗaga sanda." Ta dube ni ta ce, "Kira kawunki."

Na kira salularsa, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake. Ina zagin taurin kansa a zuci, Allah ya yafe mini. A karo na uku ya ɗauka. Ban gaishe shi ba, na kara salular a bakin oba-oba, ya ji Ardo da kunnensa. Haka na tsaya, salula a hannu ɗaya, oba-oba a ɗayan, ina miƙa maganar wannan ga wancan, aikin da akwati ke yi cikin ƙiftawar ido. Kawu ya tambayi wace gona, ya ce ga shi nan. Da ya fita gari ya shiga daji salula ta yanke. Daga nan ba mu ƙara jin sa ba, ba mu da yadda za mu gaya masa Ardo ya ce samarin sun canza hanya sun bi ta fadama.

Ya isa, amma ya makara kaɗan. An riga an fasa wa wani magidanci na ruga kai, an ƙona bukka guda. Kawu ya shiga tsakani da jikinsa, aka ja da baya. Direban asibiti, wanda shi yana jin Ardo tun farko, ya ɗauki mai rauni. Bai mutu ba. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin nake rubutawa.

Bayan la'asar Kawu ya yi sallama a zaure. Rigarsa da jinin mutumin da ya taimaka aka ɗora a mota. Ya zare oba-obarsa daga ƙugu ya ajiye a gabana a kan tabarma. Ya ce, "Kin iya?"

Na ce, "Na iya."

Na jona ta da kwamfuta na karanto sabuwar mita da sabon makulli. Na zare tasu ta riƙo na zuba mata su, na duba ƙarfi, na duba ƙarar murya tana kan alamarta, na mayar da ita jikin akwati. Sau biyu na duba makullin. Kawu ya ɗauki tasa ya murɗa zuwa tasha ta biyu, ya danna, ya yi sallama. Akwatin ya yi ɗan jinkirinsa. Sai muka ji Ardo ya amsa daga bakin asibiti, ya ce mai rauni ya farfaɗo, ya sha ruwa. Kawu ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ba wai na sauka daga maganata ba ne. Hannun ɗana bai dawo ba. Har ki fita takaba na bari. Ranar da kika fita zan zo in ɗauki abina."

Inna ta ce, "Allah ya kai mu."

Yanzu dawa ta shiga gida, wake ya kusa. Inna tana nan a ɗakin, ta rame, ta ƙosa da zama wuri ɗaya, kuma ta san muryar kowa a daji fiye da yadda ta san ta jikokinta. Mata suna zuwa suna yi mata addu'ar Allah ya sa ta fita lafiya, ina cewa amin da baki. Kowace 'ya tana ɗokin ranar da uwarta za ta yi wanka ta sa sabon zane ta taka waje. Ni kuwa duk sanda aka ce an ga sabon wata, sai in ji kamar za a sake fitar da gawar Baba daga gidan nan.

Ya Allah, Baba bawanka ne, ya zo maka da abin da ya iya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya ji amsa mai daɗi ranar da ya yi kira. Mu da ya bari kuma, ka sanyaya zuciyar Kawu kafin Inna ta naɗe tabarmarta.